DARASI NA TARA: Garin Hermanus da Baƙinsa na Teku

9.1 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an tattauna a kan insha'in siffantawa, aka kuma kawo misalai daga abubuwan da yaro ya tashi yana gani, kamar cin kasuwar ƙauye da hawan salla da ranar su a tafki. Siffanta irin waɗannan abubuwa ba ya ba malami wahala, domin kalmomin suna nan a bakin yara, aikinsa kawai shi ne ya taimaka musu su tsara su. Wahalar takan zo ne ranar da manhaja ta kawo abin da babu wanda ya taɓa gani a ajin, har da shi malamin. A nan ne akan ga waɗansu malamai sun tsere zuwa Ingilishi, suna cewa wai Hausa ba ta da kalmomin. Waɗansu kuma sai su kama abin da ya fi kusa su liƙa wa baƙon abu sunansa, yara su tashi da bayanin da ba daidai ba, su riƙe shi har girmansu.

Wannan darasi zai ɗauki misali guda mai nisa ƙwarai da ƙasar Hausa, wato garin Hermanus da ke bakin teku a Afirka ta Kudu, inda mutane kan taru kowace shekara domin kallon waɗansu manya-manyan dabbobin teku da ke zuwa haihuwa. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya ba da labarin garin da na dabbar cikin Hausa mai kyau, ya kuma gane inda kwatance ke taimaka wa yaro da inda yake ɓatar da shi.

9.2 Wane Suna Za a Ba Dabbar?

Kafin a shiga garin, wajibi ne a fara warware matsalar suna. Dabbar da ake magana a kanta ita ce wadda ake kira "whale" da Ingilishi, kuma a kafofin watsa labarai akan ji ana cewa "kifin whale". Wannan suna yana da aibi biyu. Na farko, rabinsa ba Hausa ba ne, ba a kuma hausantar da shi ba. Na biyu, wanda ya fi muni, yana koya wa yaro cewa dabbar kifi ce, alhali kuwa ba kifi ba ce.

Akwai hanyar aro daga Larabci, wadda Hausa ta daɗe tana bi. Almajiran ilimi sun san kalmar "hutu" daga ƙissar Annabi Yunusa (AS). Sun kuma san "anbar" daga hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah, mutum 300, waɗanda yunwa ta kama a gaɓar teku, suka tarar da wata ƙatuwar dabba da teku ya jefo, suka yi kwanaki suna cin namanta. To, amma ƙa'idojin rubutun Hausa ba su nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka yaron da ya ga "hutu" a rubuce, hutun makaranta zai fara faɗo masa a rai. Ita kuwa "ambar", Bahaushe turare ya sani da ita.

Hanyar da aka zaɓa a nan ita ce ta ƙirƙira, wato a harhaɗa kalmomi biyu na Hausa a ce "giwar teku", jam'i "giwayen teku". Shawara ce domin amfanin wannan darasi, ba a ce kowa ya amince da ita ba. Sai dai ɗalibi ya kula kada ya rikita ta da "giwan ruwa", babban kifin nan da masunta ke alfahari da kama shi a bikin Argungu. Abin sha'awa ga mai nazarin nahawu shi ne, duk da cewa "giwa" jinsin mace ce, sunan kifin ya zo da mahaɗin namiji, aka ce giwan ruwa, ba giwar ruwa ba. A sabon sunan an bar mahaɗin mace, don haka za a ce "giwar teku ta zo", "ɗanta", "wutsiyarta". A kuma sani cewa girma kawai aka duba wajen raɗa sunan, ba dangantaka ba. Bincike ya nuna cewa a cikin dabbobin da ke raye a yau, dorina ce ta fi kusa da giwar teku a asali.

9.3 Garin da Tarihinsa

Hermanus yana lardin Yammacin Kef ne, kimanin kilomita 120 kudu maso gabas da birnin Kef Tawun, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Garin ya miƙe siriri tsakanin duwatsu ta arewa da wani mashigin teku ta kudu, wanda ake kira mashigin Walker. Matafiyi daga Nijeriya sai ya sami biza, ya hau jirgin sama zuwa Johannesbag, ya canza zuwa Kef Tawun, sa'an nan ya shiga mota. Daga birnin hanya biyu ce. Ɗaya ta hau kan duwatsu, ita ce mai sauri. Ɗayar kuma ta bi gefen teku tana lanƙwasa, ta ratsa wani ƙauye mai suna Betty's Bay, wanda za a sake ambatonsa a gaba.

Sunan garin ya kamata ya ja hankalin mai koyon aikin malanta. Hermanus Pieters malamin makaranta ne ɗan ƙasar Holan, wanda ya zo yankin Kef a 1815, ya riƙa koyar da 'ya'yan manoma a gonakinsu. Labarin da mutanen wurin ke bayarwa shi ne da tumaki ake biyansa ladan koyarwa, shi kuma yakan kora su kiwo kusa da wata maɓuɓɓugar ruwa a bakin teku. Sai wurin ya zama Hermanuspietersfontein, wato Maɓuɓɓugar Hermanus Pieters. Masunta suka zo suka zauna bayan rasuwarsa, ƙauye ya kafu. A 1902 aka gajarta sunan saboda ya yi wa ma'aikatan gidan waya tsawo. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya saba raɗa wa wuri suna da rijiya ko tudu ko mutum, kamar Rijiyar Zaki da Tudun Wada da Ƙauran Namoda, sa'an nan baki ya gaji ya koma cewa Ƙaura kawai. Ya dace kuma malami ya gaya wa yara cewa ba Pieters ne farkon wanda ya yi kiwo a yankin ba. Makiyayan Khoikhoi sun riga Turawa zama a wannan ƙasa da ƙarnoni masu yawa, sunan Bature ne dai ya shiga takarda.

Akwai tashar jirgin ƙasa a garin, amma jirgi bai taɓa shiga cikinta ba. Shugaban hukumar jiragen ƙasa na wancan zamani, Sir William Hoy, yana son zuwa garin kamun kifi, sai ya hana a kawo dogo don kada hayaniya ta ɓata masa wurin hutawa. A kan wani ɗan tudu da ke tsakiyar garin aka binne shi, tudun kuma sunansa yake amsawa.

9.4 Dabbar da Ake Zuwa Kallo

Giwayen teku iri-iri ne. Wadda ta sa Hermanus ya yi suna baƙa ce, mai kauri, ba ta da ƙaya a gadon baya irin ta kifi, a kanta kuma akwai waɗansu farare-fararen kantoci. Domin sauƙi za a kira ta "mai-kanta". Akan ga wata iri mai dogayen hannuwa tana wucewa, wadda za a iya kira "mai-doro". Ita mai-doro har mashigin tekun Gini tana zuwa haihuwa, saboda haka masuntan gaɓar Afirka ta Yamma ba su jahilce ta ba.

Babbar mai-kanta takan kai mita 15 a tsawo, nauyinta kuma yakan kai tan 50, wani lokaci ma ya wuce. Faɗin waɗannan alƙaluma ga yaron firamare daidai yake da rashin faɗinsu, domin ba su zana masa komai a zuci. Abin da ya kamata malami ya yi shi ne ya fita da yara fili, ya auna igiya mita 15, yaro ɗaya ya riƙe kai, wani ya riƙe wutsiya, saura su jeru a tsakani. Game da nauyi kuwa, buhun siminti kilo 50 ne, ke nan tan 50 buhu 1,000 ne, alhali tirelar da ke shigowa gari buhu 600 takan ɗauko. Yaron da ya taɓa ganin ana sauke tirelar siminti ya riga ya fahimta.

Me ya sa aka ce ba kifi ba ce? Kifi yana samun iskarsa daga cikin ruwa ta waɗansu tsagogi da ke gefen kansa, galibinsa kuma ƙwai yake yi. Giwar teku da huhu take numfashi, dole ta taso sama ta shaƙi iska, in an danne ta a ƙasa nutsewa za ta yi ta mutu. Jininta mai ɗumi ne, tana ɗaukar ciki, ta haihu, ta shayar da nono. Kafofin hancinta biyu suna tsakar kanta, idan mai-kanta ta fesar da numfashi sai a ga tururi ya tashi ya rabu biyu kamar gwafa, da wannan ne masu kallo ke gane ta tun daga nesa. Ko wutsiyarta ta bambanta: ta kifi a tsaye take, yana kaɗa ta dama da hagu, tata kuwa a kwance take, sama da ƙasa take kaɗa ta.

A nan ne malamin Hausa yake da gada mai kyau da zai bi daga sananne zuwa baƙo, wato ayu. Mutanen bakin Kwara da Binuwai sun san ayu, sun san yana zaune a ruwa amma yana leƙo hanci ya yi numfashi, macen kuma tana shayarwa. Ko yaran da ba su taɓa ganinsa ba sun ji sunansa a bakin manya. Idan yaro ya yarda cewa ayu ba kifi ba ne, ya yi rabin tafiya. Inda gadar ta ƙare shi ne wajen abinci da girma. Ayu ciyawa yake ci a ruwa mara zurfi, kuma kusa da mai-kanta ɗan mitsitsi ne.

Duk girman nan nata, mai-kanta ba ta da haƙori ko ɗaya. A maimakon haƙora, waɗansu dogayen faifai ne jere a muƙamuƙinta na sama, masu gashi-gashi a gefe, waɗanda aka halitta da irin abin da aka yi farce da ƙaho. Takan yi iyo baki buɗe, ruwa ya shiga ya fita ta tsakaninsu, ƙananan halittu masu kama da jatan lande su maƙale, ta haɗiye. Rariya ce dai, irin wadda ake tace gasara da ita. Su kuwa kantocin kanta, kowace dabba da irin tsarin nata, ba ya kuma sauyawa. Da su ne masu bincike ke gane kowace ɗaya a hoto, kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa ɗaya bayan ɗaya a cikin garke.

9.5 Lokacin Zuwa

Giwayen kan fara isowa ne wajen watan Yuni, su yi yawa daga Agusta zuwa Oktoba, su watse wajen Nuwamba ko farkon Disamba. Sauran watannin suna can kudu mai nisa, a ruwan sanyi da ke fuskantar Antatika, inda abincinsu yake. A can suke ci su tara kitse. Bayan ciki na kimanin wata 12, sai uwa ta nufo mashigai masu kwanciyar ruwa a gaɓar Afirka ta Kudu ta haihu. Jaririn yakan fito da tsawon mita 4 zuwa 6. Uwa takan yi wata uku ko huɗu tare da shi a wurin, kusan ba ta cin komai, kitsenta take narkarwa ya zama nono, shi kuma yana ƙaruwa da kimanin santimita 3 kowace rana. Kafin su juya kudu ta rame ƙwarai.

Ɗalibai da yawa idan sun ji wannan sukan ce, ashe goyon ciki take zuwa, kamar yadda mace kan tafi gidan iyayenta haihuwar fari ta zauna har ta gama wanka. Kwatancen yana da daɗi, kuma akwai gaskiya a cikinsa, domin an lura uwaye sukan komo gaɓar da aka haife su. Amma malami ya nuna wa yara bambancin: mai jego a ƙasar Hausa kunun kanwa da nama ake ɗura mata, ita kuwa wannan jegon yunwa take yi.

Wani tarkon da mai fassara kan faɗa ciki shi ne sunayen lokutan shekara. Afirka ta Kudu tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka watannin Yuni da Yuli da Agusta su ne na sanyi a can, Disamba kuma zafi. Akan ga an rubuta cewa giwayen suna zuwa "da hunturu". Wannan kuskure ne. Hunturu a wurin Bahaushe sanyi ne busasshe, mai iska da hazo da faso, babu ɗigon ruwa. Sanyin yankin Kef kuwa da ruwan sama yake zuwa, ƙasa ta yi kore. In an ce damina, an rasa sanyin, in an ce hunturu, an rasa ruwan. Abin da ya fi shi ne a ambaci watannin, a ce "lokacin sanyi da ruwan sama na can". Kalma guda ba dole ba ce. Bayani mai kalma bakwai da yake daidai ya fi kalma ɗaya da ta karkace.

9.6 Yadda Ake Kallon

Akwai wurare da dama a duniya da ake kallon giwayen teku, amma a galibinsu sai an shiga jirgin ruwa an yi nisa. Fifikon Hermanus shi ne mutum yana tsaye a tudu zai gan su. Gaɓar garin duwatsu ne masu tsayi, ruwan da ke ƙarƙashinsu kuma yana da zurfin da zai ɗauki dabbar, saboda haka wani lokaci uwa da ɗanta sukan matso har mutum ya ji ƙarar numfashinsu. An yi wata hanyar ƙafa mai tsawon kimanin kilomita 12 a bisa duwatsun, da kujeru nan da can, ba a kuma biyan ko sisi. Guzurin mai kallo rigar sanyi ne da madubin hangen nesa da haƙuri, domin dabba ba ta san an yi alƙawari da ita ba. Wani ya zauna wuni bai ga komai ba sai baƙin tudu yana tasowa yana nutsewa, wani kuma isowarsa ke da wuya ta yi masa wasa.

Wasan nata kala-kala ne. Takan yunƙuro ta fito da mafi yawan jikinta waje, ta juya, ta faɗa tinjim, ruwa ya tashi fari fat. Takan ɗaga wutsiya ta yi ta makar ruwa da ita. Takan fito da kai tsaye cak, kamar mai leƙen katanga. Takan kuma kifa kai ƙasa ta bar wutsiya a sama iska tana tura ta. Masana ba su haɗu a kan dalilin kowane ɗaya ba, akwai masu ganin saƙo ne tsakaninsu, akwai masu ganin kakkaɓe ƙwarin jiki ne. Ga malamin insha'i, wannan wuri ne na koyar da amsa-kama, domin a nan Hausa ta fi harsuna da yawa wadata. Yara su gwada tinjim da tsulum da facal da fanjam, su faɗi wanne ya dace da dabba mai tan 50, wanne ya dace da kwaɗo.

Tun 1992 garin yake da wani ma'aikaci da ba a saba gani ba, mai shelar giwaye. Na farkonsu shi ne Pieter Claasen. Aikinsa ya bi gaɓa yana dubawa, in ya hango dabba sai ya busa ƙaho da aka yi da wani dogon tsiron teku mai rami a ciki. Yawan busar da tsawonta ke nuna wurin da aka gan ta, yana kuma rataye da allo mai bayanin ma'anar kowace busa. Bahaushe zai ce sanƙira ke nan, ko mai shelar sarki, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai wannan ba saƙon fada yake kaiwa ba, baƙi yake yi wa jagora. Marubucin ƙasar, Zakes Mda, ya gina littafinsa The Whale Caller na 2005 a wannan gari. Wajen ƙarshen Satumba kuma akan yi bikin giwayen teku, gari ya cika, masauki ya yi tsada.

Wanda yake son matsawa kusa sai ya biya ya shiga jirgin ruwa daga sabuwar tashar garin. Doka ta hana kowa kusantar dabbar ƙasa da mita 300 sai mai lasisi, shi ma da iyakarsa. Daga Yuli zuwa Nuwamba kuma akan rufe wani sashe na mashigin ga jiragen da ba su da izini, domin uwaye su sami natsuwa. Mutumin tudu da bai saba da teku ba ya shirya wa jiri da tashin zuciya.

Ba daidai ba ne a siffanta garin kamar aljannar duniya. Tsarin wariyar launin fata ya bar tabonsa a nan kamar sauran garuruwan ƙasar. Manyan gidaje da otal-otal suna fuskantar teku, yawancin masu yi musu aiki kuwa suna zaune a unguwanni irin su Zwelihle, inda masu magana da harshen Xhosa suka fi yawa, inda kuma aka yi tarzoma a 2018 a kan filaye da gidaje. Insha'in siffantawa da ya ga dabba ya kasa ganin mutane bai cika ba.

9.7 Daga Farauta Zuwa Kallo

Yaro mai kaifin basira zai tambaya, me ya sa ake wannan ɗoki a kan dabbar da ke zuwa kowace shekara? Amsar tana cikin tarihi. Sunan mai-kanta a Ingilishi yana ɗauke da kalmar da ke nufin "daidai", kuma ana cewa mafarauta ne suka raɗa mata, wai ita ce daidai da farauta: ba ta da sauri, tana zuwa kusa da gaɓa, tana da mai da yawa, in an kashe ta kuma ba ta nutsewa. Halayen da suka sa ake jin daɗin kallonta a yau su ne suka kusa ƙarar da ita jiya. Tun ƙarshen ƙarni na 18 jiragen Amurka da Ingila da Faransa suke kashe ta a wannan gaɓa. Da manta ake kunna fitilu, da faifan bakinta kuma ake yin ƙashin laima da bulala da abin ɗaure ƙugu na matan Turai. Da yake uwaye masu goyo ne suka fi matsowa gaɓa, su aka fi kashewa, kashe uwa kuwa kashe ɗa ne. Dabbar da a da ake lissafa ta da dubun dubbai, an ƙiyasta cewa wajen 1920 'yan ɗaruruwa ne suka rage a duk kudancin duniya.

A 1935 yarjejeniyar ƙasashe ta hana farautarta. Duk da haka, a shekarun 1990 aka gano cewa jiragen Tarayyar Sobiyet sun kashe fiye da 3,000 a ɓoye tsakanin 1951 da 1971. Afirka ta Kudu ta daina farautar giwayen teku baki ɗaya a shekarun 1970, hukumar duniya mai kula da farautarsu kuma ta dakatar da farautar kasuwanci daga 1986. A Betty's Bay, ƙauyen nan na kan hanyar gefen teku, har yanzu ana ganin kufan wata tsohuwar mayankar giwayen teku ta farkon ƙarni na 20. Tsuntsayen fengwin ne suka mamaye wurin, ana biya a shiga kallonsu.

Tun 1969 masu bincike ke bin gaɓar ƙasar da jirgin sama kowace shekara suna ƙirga uwaye da 'ya'yansu, aikin da marigayi Peter Best ya fara, wanda kuma wani sashe na Jami'ar Piritoriya da ke zaune a Hermanus yake ci gaba da shi. Shekaru da dama ƙirgar tana nuna ƙaruwa ta kusan kashi 7 cikin 100 a shekara. Amma daga wajen 2010 al'amarin ya fara sauyawa. Uwar da a da take haihuwa duk bayan shekara uku, sai aka ga da yawa suna kai huɗu ko biyar. Yawan masu zuwa ya riƙa hawa da sauka: a 2016 uwaye masu goyo da aka ƙirga ba su kai 60 ba, a 2018 kuwa sun haura 500. An kuma auna an ga uwayen sun fi na shekarun baya rama. Masu binciken suna danganta wannan da raguwar abinci a can kudu sakamakon sauyin yanayi, tunda uwar da ba ta tara kitse ba ba za ta iya jegon yunwa ba. Ga kuma haɗarin karo da jiragen ruwa da sarƙewa a igiyoyin masunta. Mai otal da mai jirgi da mai busa ƙaho a Hermanus, abincinsu ya rataya ne a kan abin da ke faruwa a wani ruwa mai nisan dubban kilomita da ba su taɓa gani ba.

9.8 Tambayar da Za Ta Taso a Aji

Duk malamin da ya koyar da wannan darasi a ƙasar Hausa ya sa ran wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ita ce ta haɗiye Annabi Yunusa?" Kada malami ya yi wa yaron tsawa, kada kuma ya ce i ko a'a don ya huta. Nassi bai fayyace irin dabbar ba, kuma ba malamin Hausa ne zai fayyace ba. Abin da zai iya faɗa da tabbaci shi ne a teku akwai manyan halittu iri-iri, waɗansu kifaye, waɗansu masu shayarwa, kalmar Larabcin kuma tana da faɗi. Sauran bayani sai a tura yaron wurin malamin addini. Haka nan idan yaro ya ce a gidansu "babban kifi" ake cewa, ba a ce iyayensa sun yi kuskure ba. A maganar yau da kullum mutane kan kira abin da ke iyo a ruwa kifi, rabe-raben masana kimiyya kuma da nasu ma'aunin. Aikin malami shi ne yaro ya san duka biyun, ya kuma san inda ake amfani da kowanne.

9.9 Aikin Yi

1. Kawo hujjoji huɗu da ke nuna cewa giwar teku ba kifi ba ce, cikin jimlolin da ɗan aji biyar na firamare zai fahimta.

2. An ƙi amincewa da "hunturu" a sashe na 9.5. Nemo wata kalmar Hausa da ka taɓa ji an yi amfani da ita wajen fassara baƙon abu ta karkatar da ma'ana, ka bayyana yadda za ka gyara.

3. Idan ba ka gamsu da sunan "giwar teku" ba, kawo naka, ka faɗi jinsinsa da jam'insa, ka sa shi a jimla uku, sa'an nan ka kare shi a gaban 'yan ajinku.

4. Ɗauka kai ne mai shelar giwaye na Hermanus. Rubuta insha'i mai shafi ɗaya da rabi a kan wunin aikinka a watan Satumba, ka yi amfani da amsa-kama aƙalla biyar, kada kuma kalmar Ingilishi ta shigo in ban da sunan wuri.

5. Tsara darasin minti 35 a kan sashe na 9.4 domin makarantar ƙauyen da ba ta da hoto ko lantarki, ka lissafa kayan aikin da za ka samu a cikin ƙauyen.